Yadda Ake Raya Sutudiyon Zane Har Ɗalibai Su Zama 'Yan Gida Ɗaya

Duk sashen da ke koyar da zanen gine-gine, ko zanen tufafi, ko na talla, ko ƙirar kayan masana'antu, yana da babban ɗakin da ake kira sutudiyo. A wata makarantar za ka tarar da shi cike da mutane daga hantsi har bayan isha'i. A wata kuwa ba ya ganin kowa sai ranar da malami zai kira suna. Tun da kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga hannun yawancin ɗalibai, abu ne mai sauƙi mutum ya kulle kansa a ɗakin kwana, ya yi aikin zango guda shi kaɗai, ba wanda zai ga abin da yake yi sai ranar juri, wato ranar da malamai ke duba aikin su ba shi maki, lokacin da damar gyara ta riga ta wuce. Irin wannan ɗalibin na iya cin jarrabawa, amma ya yi asarar rabin karatun, domin zane sana'a ce da ake ɗauka da ido da kunne a kusa da mai yin ta.

Abin da na yi imani da shi, wanda kuma duk matakan nan suka dogara a kansa, shi ne: zuba ɗalibai a ɗaki guda ba ya haɗa kansu. Abin da ke haɗa su shi ne sabawa da ganin aikin juna tun yana ɗanye, da kurakuransa, ba tare da kowa ya ji an tsiraita shi ba.

Zariya ta taɓa nuna abin da hakan ke haifarwa. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ga abin da ake koya musu salon Turai ne kusan zalla, sai suka riƙa zama suna muhawara a kan yadda za a haɗa sababbin dabaru da fasahar gargajiyar garuruwansu. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma mutanenta ne suka shata hanyar da zanen zamani ya bi a Najeriya. Demas Nwoko, wanda ya shahara a zanen gine-gine, ya karɓi lambar Zakin Zinare a baje kolin gine-gine na birnin Venis a 2023 saboda aikin rayuwarsa. Ɗalibai ne kamar ku lokacin da suka soma.

Mataki na farko: ku samu makulli a hannunku

Ku fara da mutum huɗu ko biyar, maza da mata, daga aji daban-daban. Ku rubuta takarda mai shafi ɗaya ku kai wa shugaban sashe. Kada ku je masa da koke, ku je da alkawari: ga lokacin da za mu buɗe, ga lokacin da za mu rufe, ga sunayen mutum biyu da za su riƙe makulli, ga wanda zai amsa idan wani abu ya ɓace ko ya lalace. Ku nemi ya sa hannu, ku kai wa masu gadi kwafi guda, domin su ne za ku riƙa haɗuwa da su da daddare. Ku gaishe su, ku san sunayensu.

Abu ɗaya da bai kamata ku sassauta a kansa ba shi ne kowane ɗalibi ya samu wurinsa na dindindin, inda zai bar aikinsa ya dawo gobe ya tarar da shi yadda ya bari. Ɗakin da ake kwashe kaya duk bayan lacca aji ne kawai. Idan tebura ba su isa ba, mutum biyu su raba ɗaya, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashi. Idan makarantar ba ta da ɗakin da za ta sakar muku, baranda mai faɗi ma ta isa a soma, ko ku haɗa kuɗi mutum shida ku kama shago kusa da makaranta.

Mataki na biyu: ku tsara ɗakin yadda dole a ga juna

Takardar A1 tana da faɗin milimita 594 da tsawon 841, saboda haka tebur ya kai kamar mita 1.2 a tsawo da santimita 80 a faɗi, don a samu wurin ajiye rula da fensira a gefe. Kada ku jera tebura sahu-sahu suna fuskantar allo. Ku haɗa su huɗu-huɗu ko shida-shida suna kallon juna, ku bar hanya mai faɗin mita 1.2 a tsakani, yadda mutum biyu za su gifta, kuma mai keken guragu zai wuce ba sai an ɗaga masa komai ba.

A tsakiyar ɗakin ku ajiye babban tebur guda na yanka kwali da haɗa samfurin gini. Tabarmar yanka, da rular ƙarfe, da gam, da reza, duk su zauna a nan. Da gangan nake cewa guda ɗaya. Idan kowa na da kayan yankansa a teburinsa, ba abin da zai tayar da shi. Idan kuwa sai ya zo tsakiya, to zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda bai taɓa yi wa magana ba, ya ga yadda yake riƙe reza, ya ji ana cewa kada a yanke kwali mai kauri da bugu ɗaya, a bi layin sau uku a hankali. Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga irin wannan tsarin: kowane marini da ramin da yake aiki, amma ramukan a fili suke dab da juna, yaro na tsoma nasa yadin yana kallon hannun babba.

Ku lura da taga. Wadda ke fuskantar yamma ita ce mai wahala, domin daga la'asar rana na shigowa kai tsaye ta kashe ido a kan farar takarda, ta kuma hana ganin fuskar kwamfuta. Ku sa mata labule mai kauri ko asabari, ku mayar da teburan kwamfuta nesa da ita. Fentin feshi da yankan soso da waya mai zafi a waje za a yi su, ko a baranda, saboda hayaƙinsu na cutar da ƙirji. Da hunturu kuma ku riƙa rufe aiki da yadi kafin ku tashi, ku goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, in ba haka ba ƙurar da tsintsiya ta tayar a kan zanenku za ta sauka.

Mataki na uku: wuta

Gaskiyar magana, inda wuta take nan ɗalibai ke taruwa. Idan kuka iya samar da sola da batir ko da na cajin kwamfuta da fitila ne kawai, kun gama rabin aikin kiran mutane. Amma ku san ƙarfin abin da kuke jonawa. Soket ɗin bango mai amfiya 13 a kan wuta mai bolt 230 iyakarsa kusan wat 3,000 ne. Ƙaramar kwamfuta na jan kamar wat 65, manyan da ake aikin hoto mai nauyi da su na iya haura 150, butar dafa ruwa kuwa ita kaɗai tana cin 1,500 zuwa 2,000. Don haka buta ta samu nata soket daban, kuma kada a jona wayar ƙari a jikin wata wayar ƙarin. Ɗakin cike yake da takarda da kwali da gam. Ku ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi kusa da ƙofa, kuma kada a taɓa kulle ƙofa da kwaɗo ta waje alhali da mutane a ciki.

Mataki na huɗu: bango, wanda shi ne zuciyar abin

Ku zaɓi bango mafi tsawo ku mayar da shi wurin kafe aiki. Idan da hali a manna masa allo mai laushi da ke karɓar fil. Idan babu, a ɗaura waya layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a riƙa maƙale takardu da abin shanya. Tsakiyar takarda ta zo daidai ido, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kowane ɗalibi a ba shi yankinsa da sunansa a sama.

Sai doka guda, wadda za ta sha suka a makon farko: duk ranar Litinin kowa ya kafe abin da yake kai, ko bai gama ba. Musamman ma idan bai gama ba. Zanen gaggawa a bayan takarda, taswirar da aka soke rabinta, launuka uku da aka rasa na zaɓa a ciki, duk su hau bango. Mai aiki a kwamfuta ya buga ko da a ƙaramar takarda ce baƙi da fari, domin abin da ke cikin kwamfuta mai ita kaɗai ke ganinsa, na bango kuwa har wanda ya shigo aron caja zai gani.

Za ku ji ƙorafi iri biyu. Na farko kunya: “Nawa bai kai a gani ba.” Maganinta manya su fara. Idan ɗan ajin ƙarshe da kowa ke ganin gwaninsa ya kafe zanensa na farko mai karkatattun layuka, sabon shiga zai gane cewa kyakkyawan aikin da yake gani ranar juri daga irin wannan ya taso. Wannan ganewar kaɗai ta hana ɗalibai da yawa yanke ƙauna da kansu.

Na biyu tsoron sata: “Idan na nuna, wani zai kwashe mini tunani.” Wannan tsoron ba na banza ba ne, ana yi. Amma ku duba da kyau: wanda ya ɓoye aikinsa, idan aka sace ba shi da shaida. Wanda ya kafe a bango da kwanan wata a kusurwar takarda, aji guda ne shaidarsa. Saboda haka ku sa ya zama al'ada, kowace takarda da suna da kwanan wata. Sannan ku koya wa juna faɗin inda aka samo abu. Idan ka ɗauki dabarar tagar wani, ka faɗa a gaban mutane: “Wannan a wurin wance na gani, na juya ta haka.” Mai dabarar zai ji daɗi, kai kuma ba abin da ya ragu a jikinka. Ajin da aka saba da wannan furucin ba a cika samun gaba a cikinsa ba.

Kada a cire tsohon aiki da an kafe sabo. A ɗora sabon a kansa, yadda mai dubawa zai ɗaga ya ga daga inda aka taso.

Mataki na biyar: zaman duba aiki na mako-mako, ba malami

Juri na malamai ne, da maki a ciki, kowa na kare kansa. Wannan zaman naku ne, ba maki, saboda haka mutum na iya cewa “ban san yadda zan yi da nan ba” ba tare da fargaba ba. Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kada ya wuce awa ɗaya da rabi, mutum biyar ko shida a kowane zama, a riƙa juyawa har kowa ya samu.

Ga tsarin da nake ba da shawara. Mai aiki ya yi minti uku yana bayani, ya ƙare da tambaya guda da yake son a taimaka masa a kai. Sai minti biyu na tambayoyin neman fahimta kawai, ba ra'ayi. Sai minti bakwai na gyara, shi kuma mai aikin ya yi shiru yana saurare. Wani abokinsa ne zai rubuta masa abin da aka faɗa, domin wanda ake duba aikinsa ba ya riƙe rabin abin da ya ji. A samu mai kula da agogo, kuma ya zama mai iya tsayar da babba idan ya zarce.

Yadda ake faɗin gyara shi ne wurin da zumunci ke ƙulluwa ko ya tsinke. A yi magana a kan takarda, kada a yi a kan mutum. “Ba ka iya ba” ba gyara ba ne. “Idan na shigo ta ƙofar nan, idona kai tsaye cikin ɗakin matar gida yake faɗawa, haka kake nufi?” wannan gyara ne, domin ya nuna wuri, ya faɗi abin da ke faruwa, ya bar wa mai aiki hukunci. “Ya yi kyau” shi ma ba ya amfanar kowa sai an faɗi abin da ya yi kyan da dalilinsa. Ku riƙa tuna wa juna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma ku sauko da zane ƙasa duk lokacin da gardama ta yi tsawo. A sikelin 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a fili, kuma sabon ɗalibi bai riga ya ji wannan a jikinsa ba. Sai ka ga wata sabuwar ɗaliba ta zana banɗaki mai faɗin santimita 70, a takarda ya yi tsaf. Maimakon dogon bayani, wata babba ta ɗauko alli da tef ɗin awo, ta shata shi a daɓen sutudiyo da ainihin girmansa, ta ce, “Ƙanwata, shigo ciki ki rufe ƙofa mu gani.” Ta shiga, ta ɗaga hannu za ta juya, gwiwar hannunta ta haye layin bango. “Yaya, ai ko buta ba ta da wurin zama.” An wuce wurin, kuma duk wanda ke tsaye ya koya tare da ita. Masu zanen talla su kafe fosta su ja baya taku goma, su ga ko rubutun na karantuwa. Masu zanen yadi su fita da shi rana, domin launin da fitila ke nunawa daban ne.

Sau ɗaya a wata ku gayyaci baƙo: tsohon ɗalibi da ke aiki, ko magini, ko kafinta, ko tela, ko mai buga takardu. Magini zai kalli zanenku ya tambaye ku ta ina ruwan sama zai sauka, tambayar da sau da yawa ba wanda ya yi a ajin.

Mataki na shida: ku cakuɗa manya da ƙanana

A yawancin makarantu kowane aji da ɗakinsa, har ɗalibi ya gama bai san sunan waɗanda ke gabansa da shekara ɗaya ba. A ɗakunan koyon zanen gine-gine da ke da alaƙa da makarantar Beaux-Arts ta birnin Paris a ƙarni na 19 ba haka aka yi ba. Babban malami kan leƙo ne lokaci-lokaci, ɗalibai ke tafiyar da ɗakin da kansu. Suna da shugaba daga cikinsu mai karɓar kuɗin hidimar ɗaki. Tsofaffi na duba aikin sababbi, sababbi kuma na taya tsofaffi aiki idan ranar miƙawa ta matso. Tsarin yana da aibinsa, domin an sha wulaƙanta sababbin shiga da sunan al'ada, kuma wannan ɓangaren ba abin koyi ba ne. Amma gundarinsa na da amfani.

Ku haɗa kowane sabon ɗalibi da babba guda na tsawon zango. Babban ya zauna da shi rabin awa a mako a teburinsa. Ƙaramin kuma, idan jurin babban ya ƙarato, ya taya shi yanka kwali ko dasa bishiyoyin samfuri na awa biyu ko uku, a nan zai ga yadda ake haɗa babban aiki. Ku ja layi a fili: taimako ne, ba bauta ba. Ba aiken sayen abinci, ba kwana a kan aikin wani, kuma babba ba ya zana wa ƙarami abin da za a ba shi maki a kai. Wanda ya ji an matsa masa ya san wurin wanda zai kai ƙara.

Mataki na bakwai: asusu da kayan tarayya

Kuɗi kaɗan a kowane mako, wanda mafi ƙarancin hali a ajin zai iya bayarwa. Ma'aji ɗaya, mai binciken lissafi ɗaya, kuma a manna lissafin shiga da fita a bayan ƙofa duk ƙarshen wata. Da kuɗin a sayi kwali da gam da reza a sari, a raba a farashin sari. A ajiye littafin aro: suna, abin da aka ɗauka, ranar dawowa. A ware kwali guda na ragowar kayan aiki, domin guntun da wani ya yar shi ne rufin samfurin wani.

Wanda ba shi da kwamfuta kada a bar shi yana roƙo ɗaiɗai. A tsara masa lokaci a jadawali a kan kwamfutocin waɗanda suka yarda. Ku kuma sanar da juna cewa manhajojin zane na Blender da Inkscape da Krita kyauta ne, kuma kamfanin Autodesk na ba ɗalibai lasisin karatu na AutoCAD da Revit ba tare da biya ba idan sun tabbatar da ɗalibtarsu.

Mataki na takwas: ku duba wanda ba ya zuwa, ku tambayi dalili

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi damuna. Sutudiyo na da al'adar kwana a kan aiki, har ana alfahari da ita. To amma wa ke iya kwana? Ɗalibar da ke zaune a gidan iyayenta a cikin gari ba za ta iya ba. Matar aure mai goyo ba za ta iya ba. Wanda ke tsaron shago da yamma don ya biya kuɗin makaranta shi ma haka. Idan duk muhimmiyar magana da ƙarfe ɗayan dare ake yin ta, to kun gina jama'a ta rabin aji, sauran kuma za su riƙa jin labari da safe.

Makarantar zane ta Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919 ta yi shelar karɓar maza da mata ba bambanci, amma a aikace aka riƙa tura yawancin matan sashen saƙa. Makarantar da ake buga misali da ita a haɗin kan ɗalibai ke nan. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai an duba abin da ke faruwa a ƙasa.

Saboda haka zaman duba aiki da duk wani taron yanke shawara a yi su da rana, tsakanin azahar da la'asar ko da hantsi. Cikin masu riƙe makulli a samu mace. A gyara fitilar hanya da ta banɗaki, a tabbatar banɗakin mata na aiki kuma yana da sakata. Idan dare ya yi, a raka juna har ƙofar masauki. A ware kusurwa mai tsabta da tabarma don salla, kada a sa zama ranar Juma'a da rana ko Lahadi da safe. Da azumi a mayar da aiki mai nauyi safiya. Idan hira ta juye Hausa zalla alhali akwai wanda ba ya ji, wani ya juya masa, ko a koma harshen da kowa ke ji. Wanda kuma Turancinsa ke sarƙewa a gaban jama'a, a bar shi ya yi bayani da Hausa a zaman mako, sannan a taya shi shirya na juri. Mai yin shiru a zama, mai kula da agogo ya kira sunansa a hankali ya tambaye shi abin da ya gani.

Mataki na tara: ku ci tare, ku fita tare

Ginin Bauhaus na Dessau da aka buɗe a 1926 ya haɗa ɗakunan aiki da wurin cin abinci da dandalin wasa da ɗakunan kwana 28 a jiki ɗaya. Wanda ya zana shi ya san cewa ba a kan tebur kaɗai ake koyo ba. Ku ba sai kun gina komai ba: tabarma a baranda, shayi da burodi ko ƙosai bayan zaman mako, nesa da takardu. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Sau ɗaya a zango ku fita awon tsohon gini. Na Zariya suna da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, na Kano suna da Gidan Makama, na Damagaram suna da tsofaffin gidajen unguwar Birni. Ku nemi izini tukuna, ku rabu uku-uku: ɗaya na riƙe bakin tef, ɗaya na karanta awo, ɗaya na rubutawa. Aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba ko ya so. Idan kun dawo, kowace ƙungiya ta zana ɓangarenta a sikeli ɗaya, a haɗa a bango. Inda zanen wasu bai haɗu da na maƙwabtansu ba, sai a koma a sake awo tare.

Mataki na goma: saɓani, makon juri, da miƙa ragama

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Rigimar sutudiyo kusan kullum a kan abu huɗu take: ƙarar waƙa, aron kaya ba izini, ƙazanta, da wanda ya ƙi yin rabonsa a aikin ƙungiya. Ku rubuta dokoki da ba su wuce bakwai ba, kowa ya sa hannu: mai son sauti ya sa abin kunne, ba a taɓa samfurin wani ko da gyara za a yi masa, kowa ya share inda ya yi yanka. Idan biyu sun saɓa, mutum biyu daga wani aji su zauna da su a ranar, a keɓe. Kada a kai maganar zauren WhatsApp na aji, nan ƙaramin abu ke zama babba.

Makon juri ne ake gane ko abin da kuka gina ya tsaya. Ku yi jurin gwaji kwana huɗu kafin na gaske, lokacin da gyara ke yiwuwa. Ku haɗa aikin bugawa ku kai wa mai buga takardu a tare da wuri, da jerin sunaye, maimakon kowa ya ruga ranar ƙarshe. Wanda ya gama nasa ya tambayi wa ke baya. A hana wanda bai yi barci ba riƙe reza, kuma akwatin magani da bandeji ya kasance a cike. Bayan juri, wanda aka yi wa kaca-kaca kada a bar shi ya tafi shi kaɗai. Washegari a zauna da shi da takardar da abokinsa ya rubuta, a ware abin da za a gyara.

Kafin hutun ƙarshen shekara, a sauke bango gaba ɗaya, a ɗauki hoton kowane aiki, a zaɓi guda daga kowane ɗalibi a adana a babban fayil da sunansa da shekararsa don masu zuwa. Makulli da littafin asusu da littafin aro a miƙa su a gaban shugaban sashe ga 'yan ajin tsakiya, waɗanda suka rage da aƙalla shekara biyu, kuma a zaɓe su tun farkon zango na biyu don su yi wata uku suna aiki tare da masu barin gado.